Garin da ya ara wa hula suna, ya tashi a tutar babu

A Ingila ta shekarun 1800, idan mace ta shiga kanti ta ce a ba ta "Dunstable", mai kanti ba ya tsayawa tambayarta abin da take nufi. Hular kara take so, wadda aka saƙa da karan alkama aka ɗinke, 'yar uwar malfarmu, sai dai tasu ta ado ce, ana ɗaura mata ƙyalle a sarƙafo shi ta ƙarƙashin haɓa. Dunstable kuwa gari ne a yankin Bedfordshire, kimanin kilomita 50 arewa da Landan. Sunan garin ya bi hular har ya zama sunanta. Yau in ka tsayar da matashi a Landan ka faɗa masa wannan suna, in ya san shi ma, a matsayin wani gari kusa da filin jirgin saman Luton zai sani. Hular ta tafi, kalmar ta koma cikin tsofaffin ƙamus, masana'antar hula ta ƙarshe a garin ta rufe tun 1931.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tsohon zance shi ne wata magana da ke ta ƙara ƙarfi a tarurrukan kasuwanci da na raya al'adu: a yi wa sunayen garuruwa rajista, doka ta hana kowa liƙa sunan wani wuri a kan hajarsa sai in can aka yi ta. Ana gabatar da abin kamar shi ne maganin mutuwar sana'o'in hannu. Ina goyon bayan a kare suna, amma ban yarda shi ne maganin ba, kuma ina ganin masu tallata shi suna tsallake tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato a aljihun wa ribar sunan za ta zauna. Tarihin Dunstable ya isa shaida, domin sunan garin babu wanda ya sace shi. Yana nan a hannun masu shi har ranar da ya daina kawo ko anini.

Da farko ma, garin bai samu sunan don ya fi kowa iya saƙa ba. Hanya ce ta ba shi. Dunstable na zaune a mahaɗar tsofaffin hanyoyi biyu, ɗaya daga cikinsu ita ce Watling Street da Rumawa suka shimfiɗa, wadda ta zama babbar hanyar fita daga Landan zuwa arewa maso yamma. Kafin zuwan jirgin ƙasa, kekunan doki masu ɗaukar fasinja a nan suke yada zango, a canza dawakai, matafiya su ci abinci su miƙe ƙafa. A ƙofar masaukan nan ake tallar kwanduna da akwatunan kara da huluna. Matafiyi ya saya ya kai wa matarsa tsaraba, a tambaye shi daga ina, ya ce daga Dunstable. Shi ke nan suna ya kama. Amma masu saƙar, yawancinsu ba a cikin garin suke ba. Suna warwatse a ƙauyukan Bedfordshire da Hertfordshire da Buckinghamshire, inda ƙasa mai alli take fitar da alkama mai siririn kara, mai haske, mai lanƙwasuwa ba ya karyewa. Tun a 1689 mutanen wannan yanki suka kai koke majalisa kan wani ƙudiri da zai tilasta sa hulunan ulu, suna cewa kimanin mutum 14,000 ne ke cin abinci da hular kara. Ka ga ashe sana'ar ta yanki ce guda, gari ɗaya ya kwashe sunan saboda shi ne a bakin titi.

Haka abin yake kusan ko'ina. Cukun da Turawa ke kira Stilton, a wani masauki na ƙauyen Stilton ya yi suna, a kan babbar hanyar arewa, alhali daga wasu yankuna ake kawo shi. Yau dokar da ke kare sunan ta ce a Derbyshire da Leicestershire da Nottinghamshire kaɗai za a yi shi, don haka mutanen ƙauyen Stilton ba su da ikon yin cuku su kira shi da sunan ƙauyensu. Hular da duniya ke kira Panama a Ikwado ake saƙa ta, a Montecristi da Cuenca, ta Panama kawai take bi. Mu ma mun ɗanɗana: fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa ta tsallaka Sahara, Turawa suka saye ta a tashoshin arewacin Afirka, suka sa mata sunan Maroko, suka riƙa lulluɓe littattafansu masu tsada da ita. Suna na bin wurin da kuɗi ya canza hannu. Wurin da aka zubar da gumi kuwa sau da yawa ba ya samun ko ambato.

Kakar sana'ar karan Ingila ta zo ne da yaƙi. Kafin nan matan masu hali hular Italiya suke so, wadda ake fitarwa ta tashar Livorno, domin karanta ya fi laushi, saƙarta ta fi ƙanƙanta. Da yaƙe-yaƙen Napoleon suka toshe hanya, gwamnati kuma ta lafta wa ta waje haraji mai nauyi, sai kasuwa ta koma hannun 'yan gida. A daidai wannan lokaci, wajen 1800, wani ɗan ƙaramin ƙarfe ya bazu, mai tsini a gaba da 'yan wuƙaƙe kewaye da shi. A soka tsinin cikin ramin kara a tura, ya tsaga shi gida huɗu ko shida ko fiye, kowane tsagi daidai da ɗan uwansa. Da wannan sai saƙar Ingila ta kusa kamo ta Italiya wajen kyau. Kuɗi ya shigo ƙauyuka. An sami lokacin da ƙwararriyar mai saƙa take samun abin da ya fi ladan mijinta na ƙwadagon gona. Arthur Young, wanda ya zagaya Hertfordshire yana rubuta halin noma a farkon ƙarnin, ya ruwaito ƙorafin manyan manoma cewa saƙar ta sa talakawa sun yi girman kai, ba a samun 'yan aikin gida, ba a samun masu aikin gona. Duk lokacin da na tuna wannan ƙorafi sai in yi murmushi, domin ma'anarsa a fili take: a karon farko 'yar talaka ta sami abin da zai sa ta ce a'a.

Wannan ɓangaren ne masu begen da suke son tunawa, kuma gaskiya ne. Amma bai daɗe ba. Da yaƙi ya ƙare a 1815 kayan Italiya suka dawo, farashi ya sauka, kuma bai sake komawa inda yake ba.

Ga yadda aikin yake in ka matso kusa. Dillalin kara zai saye karan daga manomi, a zaɓe shi, a yanke tsakanin gaɓa da gaɓa, a turara shi da hayaƙin farar wuta don ya yi fari, a tace shi bisa kauri, a ɗaure dami-dami. Mai saƙa ta saya da kuɗinta. Ta soke ɗan damin a hammatarta ta hagu, ta riƙa zaro sili tana bi da shi ta bakinta don ya jiƙe ya yi laushi, wasu silin ma a bakin suke jira kafin a zo kansu. Mafi shaharar saƙar mai sili bakwai ce, wadda ake kira da sunan Dunstable ɗin: a ɗora a kan ɗaya, a bi ta ƙarƙashin biyu, a ja ya tsuke. Abin da ke fitowa doguwar saƙa ce mai faɗin yatsa ko ƙasa da haka, ana naɗe ta a hannu yayin da take tsawo. Yatsu na aiki ido na wani wuri, shi ya sa ake ganin mata suna saƙa suna tafiya, suna saƙa suna hira a ƙofar gida. Daga nesa abin sha'awa. Daga kusa kuwa, gefen bakinsu a tsage yake saboda kaifin kara, haƙora sun lalace. In ta gama sai ta datse 'yan gutsattsarin da suka fito, ta murje saƙar a cikin wani ɗan injin katako don ta kwanta, ta auna. Yadi 20 shi ne ma'auni guda, da shi ake ciniki. Ranar kasuwa ta fita da asuba ta tsaya a layi, dillali ya zo ya duba ya yi tayi. Shi ya san abin da masu ɗinka hula ke biya a gari, ita ba ta sani ba, kuma ba ta da halin komawa gida da kayanta, domin da kuɗin za a sayi burodin mako. A wasu ƙauyukan ma mai kanti ne ke karɓar saƙar ya biya da kayan masarufi a farashin da ya ga dama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai maganar yara, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. A ƙauyukan nan akwai abin da ake kira makarantar saƙa. Sunan makaranta kawai gare ta. Wata dattijuwa ce za ta buɗe ɗakinta, iyaye su riƙa biyanta kamar kwabo biyu a mako, su turo 'ya'yansu tun suna shekara uku ko huɗu. Aikinta ba koyar da karatu ba ne, ko da yake wasu kan sa yara su haddace 'yan ayoyi don a ce an yi. Aikinta ta tabbatar kowane yaro ya cika adadin yadin da uwarsa ta yanka masa kafin ya tashi, kuma sanda na kusa da hannunta. Waɗanda ba su isa saƙa ba, a ba su almakashi su riƙa datse gutsattsari. Masu binciken da gwamnati ta tura a shekarun 1860 sun tarar da yara talatin, arba'in, cunkushe a ɗan ɗakin da bai fi na kwanan mutum biyu ba. Da sanyi ba a hura wuta sosai, don ba wurin, kuma hayaƙi da toka na ɓata farin kara. Sai 'yan mata su zo da ɗan kaskon garwashi su sa a ƙarƙashin siket. Iska ba ta shiga, tari ba ya ƙarewa. Iyayen ba mugaye ba ne. Ladan gona bai isa ya riƙe gida ba, 'yan kwabban da yaro ke kawowa su ne bambanci tsakanin a ci da a kwana haka.

Abin da nake so a gane shi ne, arhar hular Dunstable da kyanta a kan waɗannan yatsu suka tsaya. Duk wanda ya ce kaico da sana'ar ta mutu, sai ya faɗa mana wane ɓangarenta yake so ya dawo. Ni dai ban ga abin kuka ba a ranar da aka rufe ɗakin dattijuwar nan.

Abubuwan da suka kashe sana'ar ba su zo tare ba, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya shafi satar suna. Na farko layin dogo ne. A 1838 aka buɗe layin Landan zuwa Birmingham, ya bi ta yamma ya bar Dunstable a gefe. Cikin ɗan lokaci kekunan doki suka ɗauke ƙafa, masaukai suka bushe, wasunsu ma aka mai da su wuraren ɗinka hula. Garin ya sami ɗan reshen layi a 1848, amma reshe ba ya zama uwa. Na biyu, gwamnati ta rungumi cinikin da babu shinge, ta riƙa sassauta harajin saƙar waje har ta cire shi. Daga shekarun 1870 saƙar ƙasar Sin ta fara sauka a tashoshin Ingila, daga baya ta Japan ta biyo, a farashin da ko 'yar shekara biyar ba za ta iya karawa da shi ba. Na uku doka ce: ta 1867 ta hana sa yaron da bai kai shekara 8 ba aikin sana'a, ta kuma wajabta wa 'yan 8 zuwa 13 zuwa makaranta na wasu sa'o'i, dokar ilimi ta 1870 ta kawo makarantun hukuma, a 1880 zuwa makaranta ya zama dole. Iyaye sun yi turjiya, ana ɓoye yara in an hango sufeto, amma sannu a hankali hannayen arha suka ƙare. Ƙidayar 1871 ta nuna mata sama da 20,000 ne ke saƙar kara a Bedfordshire kaɗai. Zuwa 1901 'yan ɗaruruwa suka rage, yawancinsu tsofaffi.

Mil biyar daga Dunstable akwai Luton, wadda a 1801 ƙaramin gari ce mai mutum kimanin 3,000. Ita ba ta da suna a kan hula, ba a taɓa shiga kanti an ce a ba ni Luton ba. Amma tana da filaye masu arha da mutum zai saya ya gina gida da ɗan ɗakin aiki a baya, don haka duk wanda ya iya ɗinki yana iya buɗe tasa. Ta gina babbar rumfar cinikin saƙa a 1869, shekara guda bayan babban layin dogo ya ratsa ta. Da keken ɗinkin da ya dace da kara ya fito a shekarun 1870, ta rungume shi. Da saƙar Sin ta zo, maimakon ta tsaya kuka, sai ta saye ta da arha, ta rina, ta ɗinka, ta ɗora a kan gungumen katako mai siffar kai ta gasa, ta yi mata ado ta sayar wa duniya. Da kara ya fara fita daga yayi ta koma hular ulu. Zuwa 1901 mutanenta sun haura 35,000, kuma a shekarun 1930 ana ƙiyasta tana fitar da hula har miliyan 70 a shekara. Ƙungiyar ƙwallon garin, wadda ta hau gasar Firimiya a 2023, har gobe laƙabinta "masu hula".

Ba ina cewa Luton ta yi adalci ba. Arzikinta a kan faɗuwar matan ƙauye ya ginu, kuma arhar da ta samu daga Sin, wasu matan ne da wasu yaran a wata nahiya suka biya ta da yatsunsu. Wahalar ba ta ƙare ba, ƙaura ta yi zuwa inda mai sayen hula ba zai gan ta ba. Ita ma Luton ɗin ranarta ta zo: bayan yaƙin duniya na biyu mutane suka daina fita da hula, masana'antu suka yi ta rufewa, sai 'yan kaɗan da suka rage suna yi wa masu zuwa bukukuwa da sukuwar dawaki. Abin da ya riƙe garin shi ne kamfanin motoci na Vauxhall da ya zo a 1905, kuma shi ma ya rufe masana'antarsa ta can a 2025. Amma ta ci moriyar hula kusan shekara ɗari bayan Dunstable ta fara dusashewa, kuma ta ci ne saboda ta riƙe ɓangaren aikin da riba take, wato rini da ɗinki da ƙira da sanin mai saye.

To, a ce a 1870 akwai dokar da ta ce ba a kiran hula Dunstable sai an saƙa ta a Bedfordshire da karan Bedfordshire. Me za ta canza? Mai kanti zai cire sunan ya sa wani, mace za ta sayi mai arhar, domin a ido ba su da wani bambanci, kuma yayi take bi ba taswira ba. Ƙila a sami 'yan masu kuɗi da za su nemi ta asalin, su riƙe masu saƙa ɗari biyu ko uku. Dubu ashirin ɗin dai sun tafi. Kuma ko a cikin ɗari ukun, in tsarin ciniki bai canza ba, ƙarin kuɗin da sunan ya jawo a hannun dillali zai tsaya.

Akwai misali guda a Birtaniya da nake ganin an yi abin da kyau, shi ne yadin ulu na Harris Tweed a tsibiran yammacin Scotland. Dokar majalisa ta 1993 ba ta tsaya kan sunan wuri ba. Ta ce dole ne mazauna tsibiran su saƙa shi da hannu a gidajensu, da ulun da aka rina aka kaɗa a can, kuma akwai hukuma mai duba kowane bandir kafin ta buga masa tambari. Wato an ɗaure sunan a jikin masaƙin. Kamfani ba zai iya kwashe aikin ya kai babbar masana'anta ya ci gaba da amfani da sunan ba. Wannan shi ne bambancin. Duk da haka, a lura: abin da aka fitar ya kai kimanin yadi miliyan bakwai da rabi a 1966, amma a 2009, ana tsakiyar cin kariyar doka, bai kai mita rabin miliyan ba. Abin da ya farfaɗo da shi daga baya sabon jari ne da sababbin launuka da neman kasuwa a Japan da Amurka da Turai. Doka ta hana a yi jabunsa, ba ta iya kawo mai saye ba.

Masu ra'ayin rajista suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Za su ce zamanin Dunstable daban, yanzu daban. Yanzu akwai masu saye da ke biyan ƙarin kuɗi don labarin abu da asalinsa, kuma in ba ka rubuta sunanka ba wani zai rubuta. Sun yi gaskiya. Manoman albasa a Nijar sun ga haka lokacin da wani kamfanin iri ya nemi mallakar sunan albasar Galmi, sai da aka tashi tsaye kafin ya janye. Daga baya ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta OAPI, wadda Nijar da Kamaru da Chadi ke ciki, ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista. Tun a 2013 ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru. A Burkina Faso ma malfar Saponé, hular saƙa mai adon fata da ke ɗauke da sunan garinta, ta sami irin wannan kariya. Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, kuma an shafe shekaru ana maganar daftarin dokarta. Ina cikin masu cewa a yi ta, a daina jan ƙafa. Wanda aka taɓa sayar da fatarsa da sunan wani bai kamata a sake yi masa wa'azi a kan wannan ba.

Inda muka rabu da su shi ne abin da za a rubuta a cikin takardar. Albasa da barkono da zuma ƙasa ce ke ba su ɗanɗano, ba a ɗaukar ƙasar Galmi a kai wani wuri. Hula kuwa a hannu take, hannu kuma yana tafiya. Ga hular Bama. Sunan garin Bama na jihar Borno ya bi ta har ya zama sunan irin ɗinkin, duk mai sa hula a arewa ya san ta, ya kuma san ba ta da arha, domin allura ce da zare, sili-sili, hula guda na iya cin makonni. A watan Satumba na 2014 Boko Haram ta kama garin, mutanensa suka watse, da yawa suka sauka a Maiduguri. Abin da suka iya fitowa da shi ke nan, sana'ar da ke yatsunsu, kuma a sansanonin gudun hijira da unguwannin birni aka ci gaba da ɗinkin, maza da mata da matasa. Ita ta ciyar da gidaje da yawa a shekarun da babu gona babu kasuwa. In aka kwafo doka irin ta cukun Stilton aka ja layi a taswira, wace hula ce ta Bama? Wadda ɗan Bama ya ɗinka a Maiduguri ta fita, wadda wani ɗan kasuwa ya kafa inji a cikin garin Bama ya buga ta shiga?

Shi ya sa nake cewa kafin a yi bikin miƙa takardar shaida, a zauna da masu allurar. A rubuta cewa ɗinkin hannu ne, a fayyace irin zaren da irin aikin, yadda ta inji ba za ta shigo da sunan ba ko a ina aka buga ta. A sa tambarin a hannun ƙungiyar masu ɗinkin kansu, ba a hannun 'yan kasuwar da ke raba musu zare da yadi su dawo su karɓi hula a farashin da suka yanka ba. A sami hanyar da mai ɗinki zai san nawa ake sayar da hularsa a Kano da Abuja da Yamai, wanda yanzu da waya a hannun kowa ba wani abu ne mai wuya ba. Kuma a faɗi shekarun da yaro zai kai kafin a ɗora masa adadin aiki. Koyon sana'a a gaban iyaye bayan an taso daga makaranta abu ne mai kyau, kowa ya san haka. Yaron da aka hana aji don ya cika hular wani kafin Sallah kuwa, wannan ɗakin dattijuwar Bedfordshire ne aka sake buɗewa. Na san wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne zai fi jawo gardama, domin gidajen da ke sa yara aikin ba don son rai suke yi ba, kuma duk dokar da ta hana ba tare da ta ƙara ladan babba ba, ɓoye yaran kawai za a riƙa yi in an hango jami'i. Saboda haka farashin da ake biyan mai ɗinki shi ne abin da ya kamata a fara yankewa, tun kafin a zo maganar zanen tambari da wanda zai yanke zare ranar ƙaddamarwa.